George Cadbury: Ɗan Kasuwar da Ya Koyi Zama Shiru

Da wuya a sami gida a cikinmu da bai san gwangwanin Bournvita ba. Muna kai wa mai jego, muna kai wa marar lafiya a asibiti, in ya ƙare kuma uwargida ta wanke shi ta zuba gishiri ko barkono. Sunan ya samo asali ne daga Bournville, wani gari da ke kudu da birnin Birmingham a Ingila, garin da wani mai bi, George Cadbury, ya gina da kuɗin kasuwancinsa. Shi kansa bai ga Bournvita ba, domin sai bayan rasuwarsa aka fara yin ta. Muna so mu duba rayuwarsa saboda 'yan'uwa masu shaguna, masu injin niƙa, masu gidan burodi da sauran masu sana'a da ke cikin ikilisiyoyinmu. Akwai abin koyi a labarinsa, akwai kuma wurin da ya yi tuntuɓe, ba za mu ɓoye ko ɗaya ba.

An haife shi ran 19 ga Satumba, 1839, a Birmingham. Iyayensa 'yan ɗarikar Abokai ne, waɗanda aka fi sani da Kweka. Sujadarsu ta bambanta da tamu ƙwarai. Babu fasto a gaba, babu ganga, babu ƙungiyar mawaƙa. Sukan taru su zauna shiru, wani lokaci sa'a guda cur, kowa yana bincika zuciyarsa yana jiran Ubangiji, sai wanda ya ji an ba shi magana ya tashi ya faɗa a taƙaice ya zauna. Mu da muka saba da kiɗa da tafi muna iya ganin abin kamar zaman makoki. Amma yaron da ya tashi a cikin wannan horo yakan koyi abin da 'yan kasuwa da yawa ba su iya ba har su tsufa, wato ya tsaya ya saurara kafin ya yanke shawara.

A wancan zamani 'yan Kweka ba su da hanyar shiga manyan jami'o'in Oxford da Cambridge, ba sa rantsuwa, ba sa aikin soja. Ƙofofi da yawa a rufe suke gare su, sai suka fuskanci kasuwanci. Suka yi suna da abu ɗaya: farashi guda. A ganinsu, ka faɗi kuɗin da ka san ba shi ne gaskiyar kuɗin kaya ba domin a yi ta tayawa, wannan ƙarya ce. Saboda haka ko yaro aka aika shagon ɗan Kweka, abin da za a karɓa a hannun babba shi za a karɓa a hannunsa. Ba muna cewa ciniki irin na kasuwanninmu zunubi ba ne, kowa ya san ana tayawa ana cewa albarka. Sai dai amanar da wannan hali ya jawo musu ta zama jarin da ya fi kuɗi.

Mahaifinsa, John Cadbury, ya buɗe shago a titin Bull a 1824, yana sayar da shayi da kofi da koko. Kokon da muke nufi shi ne ɗan itacen da ake nomawa a kudancin ƙasarmu ana yin cakulan da shi, ba na gero da muke sha da ƙosai ba. John mai ƙin giya ne, yana fatan abin sha mai zafi zai janye talakawa daga gidajen barasa. Kasuwa ta yi albarka har ya kafa ƙaramar masana'anta. Amma a 1855 matarsa ta rasu, lafiyarsa ta lalace, hankalinsa ya rabu da aiki. Zuwa 1861, da ya miƙa wa 'ya'yansa biyu, Richard mai shekara 25 da George mai shekara 21, masana'antar tana faɗuwa, ma'aikata ba su wuce goma sha 'yan kai ba.

Kowannensu yana da gadon fam 4,000 daga mahaifiyarsu. Suka yi shawara za su zuba wannan kuɗi, in ya ƙare su rufe, ba za su ci bashin da ba za su iya biya ba. A wurin 'yan Kweka, mutumin da ya karye da kuɗin mutane a wuyansa yana iya rasa matsayinsa a cikin taro. Har sun shirya abin da za su yi in abin ya ƙi: Richard zai koma aikin awon ƙasa, George kuma zai tafi yankin duwatsun Himalaya ya yi noman shayi. Shekara uku suna tafka hasara. Suna shiga aiki da sassafe, su fita da dare, George ya tsuke bakin aljihunsa har a kan ƙananan abubuwan jin daɗi. Sun gwada sababbin kaya, har da wani koko da suka haɗa da wani tsiron kan dutse suna cewa yana ƙara lafiya, mutane ba su karɓa ba. Sai a 1864 suka fara ganin 'yar riba.

Matsalar tana cikin kokon kansa. Kusan rabin ƙwayar mai ne. In aka niƙa aka dama, man yakan taso saman kofi, ya yi nauyi a ciki. Dabarar da kowa ke yi a Ingila, har da 'yan Cadbury, ita ce a zuba garin dankali ko wani gari mai sitaci ya shanye man. Marasa tsoron Allah kuwa har da abin da bai kamata ya shiga cikin mutum ba sukan zuba domin launi. Duk masu sana'ar suna tambayar me za a ƙara. George ya juya tambayar, ya ce me za a cire. Ya sami labari cewa gidan Van Houten a ƙasar Holan suna da injin da ke matse man. Iyayenmu mata masu yin ƙuli-ƙuli sun san wannan hikima tun kaka da kakanni: ka matsa tunkuza, mai ya koma gefe, abin da ya rage ya zama wani abinci dabam. A 1866 George ya haye zuwa Holan, bai iya ko kalma ɗaya ta harshensu ba, ya sayo injin da ɗan abin da ya rage musu.

A ƙarshen shekarar suka fito da Cocoa Essence, garin koko zalla babu haɗi. Ya fi sauran tsada, da fari kuma bai tafi ba. Nan wata muhawara ta taso, domin tsofaffin 'yan Kweka suna ƙyamar talla, suna ganin kayan kirki shi ke sayar da kansa, yabon kai kuwa jahilci. 'Yan'uwan biyu suka auna, suka ga babu laifi a faɗi gaskiya da ƙarfi muddin gaskiya ce. Suka sa talla a jaridu da jikin motocin doki, suka kafa hujja da shaidar likitoci. Da majalisar Ingila ta yi dokokin hana algus a abinci a 1872 da 1875, waɗanda suka dogara ga haɗe-haɗe suka shiga neman mafita, su kuwa sun riga sun yi gaba. Karin Magana 11:1 ta nuna mana yadda Ubangiji yake ƙin ma'aunin zamba. Mai zuba ruwa a nono da mai buga gindin mudu duk wannan aya ta shafe su.

Man da aka matse bai tafi a banza ba. Da shi suka shiga yin cakulan na ci, iri iri. Richard mai zane ne, shi ya fara ƙawata akwatunan cakulan da hotuna, ciki har da na 'yarsa riƙe da kyanwa. Abin da ya zama shara a aikin farko shi ya buɗe musu kasuwa ta biyu.

Amma in muna neman inda George ya sami idon da ya yi shugabanci da shi, sai mu bar masana'anta mu bi shi ran Lahadi. Tun 1859, yana ɗan shekara ashirin, ya fara koyarwa a makarantar manya ta titin Severn, inda ake koya wa leburori karatu da rubutu da Littafi Mai Tsarki da sassafe. Ya riƙe wannan aji kusan shekara hamsin, ko bayan ya zama attajiri, yana tasowa tun da duhu, a kan doki da fari, daga baya a kan keke. Bai tsaya a aji ba, yakan bi ɗalibansa gida. Ya ga gidajen da aka manna baya da baya babu iska, iyalai da yawa suna tarayya a masai ɗaya, hayaƙi ya rufe rana, yara suna mutuwa tun ba su yi wayo ba. Gani ya kori ji. Ya gane cewa mutumin da ya yi alkawarin barin giya ran Lahadi, in ya koma irin wannan ɗaki ran Litinin, gidan giya ne kaɗai wurin da zai sami haske da ɗumi. Wa'azi yana da muhimmanci, amma George ya ga akwai rabon da ya rataya a wuyan mai ba da aiki.

Mu lura, bai aiki kowa ya kawo masa rahoto ba. Shugaban da bai taɓa sanin inda yaron shagonsa yake kwana ba, ko abin da yake ci da rana, yana mulkin mutanen da bai sani ba ne, ko da kuwa tare suke zama a benci ɗaya a majami'a.

Da wurinsu na cikin gari ya yi musu kaɗan, suka yi abin da abokan sana'a suka ɗauka wauta ce. A 1878 suka sayi fili eka goma sha huɗu da rabi a karkara, kimanin mil huɗu daga birni, a bakin wani rafi mai suna Bourn. A 1879 suka ƙaura, suka sa wa wurin suna Bournville. Ba tausayi kaɗai ya kai su ba, lissafi ma yana ciki: layin dogo da hanyar jiragen ruwa ta haƙa suna wucewa ta gefen filin, ga ruwa mai tsabta, ga wurin faɗaɗawa. Sannu a hankali aka yi filayen wasa, wurin cin abinci, ɗakin shanya tufafin da ruwan sama ya jiƙa. Suna cikin na farko a Birmingham da suka ba ma'aikata hutun rabin yini ran Asabar. Akan fara aiki da ɗan gajeren karatun Littafi Mai Tsarki. Daga baya aka ɗauki likita da likitan haƙori, aka kafa asusun fansho na maza a 1906, na mata a 1911. A 1902 aka buɗe hanyar da kowane ma'aikaci zai rubuta shawararsa kan yadda za a gyara aiki, in ta yi amfani a ba shi lada. George ya yarda cewa wanda ke tsaye a gaban inji yini guda ya san abin da mai zaman ofis bai sani ba.

A 1893 ya sayi ƙarin fili eka 120 da kuɗinsa ya fara gina gari. Kowane gida da lambunsa, da itatuwan 'ya'ya da aka dasa tun kafin mai gida ya shiga, ginin kuma ba ya cin fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin. Babu gidan giya. Abin da ya fi burge mu shi ne bai keɓe gidajen ga ma'aikatansa kaɗai ba. Ya san in gidan mutum da aikinsa duka suna hannun ubangida ɗaya, bakinsa ya mutu, domin ranar da aka kore shi daga aiki ranar zai kwana a waje. A 1899 Richard ya rasu a Urushalima, inda ciwon maƙogwaro ya kama shi a kan tafiya. Shekara ta gaba, 1900, George ya cire garin gaba ɗaya daga dukiyarsa, eka 330 da gidaje 313, ya danƙa wa hukumar amintattu, da sharaɗin kuɗin haya su koma cikin gyara da ƙarin gini. Yana da 'ya'ya goma sha ɗaya, amma ra'ayinsa shi ne dukiya mai yawa da ba a sha wahalarta ba takan cuci magada.

Ba duk tsarinsa ne za mu yaba ba. Macen da ta yi aure takan bar aiki dole, a sallame ta da Littafi Mai Tsarki da fure. Dalilinsa shi ne kada miji ya kwanta ya bar wa mata nauyin gida, kada kuma yara su rasa uwa. Niyyar ba ta da muni, amma shi ya yanke wa mata hukunci, bai tambaye su ba. Mai kirki in ya yi ƙarfi yakan fara ganin ya fi kowa sanin abin da ya dace da kowa.

A 1901 ya sayi jaridar Daily News ta Landan, domin yana adawa da yaƙin da Ingila ke yi da Turawan Bowa a Afirka ta Kudu. Ya hana tallar giya da labarin cacar sukuwa a cikinta, ko da yake hakan ya jawo hasara. Jaridar ta yi yaƙi domin fanshon tsofaffi, ta tona asirin masu ba da aikin ƙwadago a kan ladan da bai kai ya kawo ba, ta kuma yi kakkausar suka a kan yadda ake kai 'yan Sin aikin haƙar zinariya a Afirka ta Kudu, tana kiran abin bauta.

A wannan shekara ta 1901 ne labari ya iso ofishinsa a Bournville. Kusan rabin kokon da suke saya yana fitowa ne daga tsibiran Sao Tome da Principe, a tekun da ke kudu da gaɓar ƙasarmu, ƙarƙashin mulkin Fotugal. Aka ga takardar sayar da wata gona a can, a cikin jerin kadarorin har da ma'aikata baƙaƙen fata ɗari biyu, da kuɗinsu a rubuce kamar na shanu. A takarda Fotugal ta hana bauta. A zahiri kuwa ana kamo mutane daga can cikin Angola, a koro su zuwa bakin teku, a sa su dangwala hannu a yarjejeniyar shekara biyar da ba su san abin da ke ciki ba, a haye da su tsibiri. Ba a ganin mai komowa. Mu da kakannin wasunmu suka hau kan duwatsu suka zauna domin gudun masu kamen bayi, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Kamfanin bai yi watsi da maganar ba, amma bai daina saye ba. William Cadbury, ɗan Richard, shi aka ɗora wa aikin. A 1903 ya je Lisbon, aka yi masa alkawarin gyara. A 1905 suka aiki wani ɗan Kweka, Joseph Burtt, ya je ya gani da idonsa, ya komo a 1907 ya tabbatar cewa bauta ce. Kafin ya komo ma, ɗan jarida Henry Nevinson ya riga ya buga abin da ya gani a littafi a 1906, ya kuma yi kira a ƙaurace wa kokon. Ma'aikatar harkokin waje ta Ingila ta roƙe su su yi haƙuri a bi ta hanyar lallashi. Hujjar 'yan Cadbury ita ce, muddin suna cikin manyan masu saye, Fotugal za ta saurare su, in suka janye kuwa wasu za su saye kokon, bayin kuma ba su ƙaru da komai ba. Hujjar ba ta banza ba ce. Amma hujja ce da ta yi daidai da aljihun mai yin ta, irin wannan kuwa ita ce ya kamata mai bi ya fi tuhuma. A 1908 suka fara sayen koko a Gold Coast, wato Gana ta yau, inda manoma 'yan ƙasa ke noma gonakinsu na kansu. A watan Maris 1909, tare da kamfanonin Fry da Rowntree, suka sanar sun daina sayen na Sao Tome. Shekara takwas ke nan da jin labari.

Kafin nan, a watan Satumba 1908, jaridar Standard, abokiyar hamayyar tasa, ta rubuta sharhi mai zafi. Ta kwatanta 'yan matan Bournville masu wurin iyo da lambu da mutanen da ke mutuwa a gonakin da ke ciyar da masana'antar, ta zarge su da munafunci. Kamfanin ya kai ƙara. Aka yi shari'ar a Birmingham a ƙarshen 1909, George yana da shekara saba'in ya tsaya ya ba da shaida. Masu taya alƙali yanke hukunci suka ce an ɓata wa Cadbury suna, amma diyyar da suka yanka ita ce fadin ɗaya, ƙaramin tsabar da huɗunsa ke yin kobo ɗaya na Ingila. Dattawanmu da suka yi zamanin fam da sule da anini za su gane irin wannan kuɗi. Sun ci shari'a, duk duniya kuma ta fahimci abin da ake nufi.

Mun daɗe muna juya wannan al'amari. Ba mu ga alamar George ya yi niyyar cin amfanin bauta ba, kuɗin binciken ma daga aljihun kamfanoninsu ya fito. Abin da muka gani shi ne, mutumin da bai iya jure ganin ɗaki ɗaya mai danshi a Birmingham ba ya iya jure shekara takwas a kan wahalar da ke bayan teku. Leburan titin Severn ya san sunansa, ya san matarsa, ya zauna a ɗakinsa. Mutumin Angola kuwa a takarda kaɗai ya gamu da shi. Kyautar da ta sa ya zama shugaba na dabam, wato zuwa ya gani da kansa, a nan ba ta yi aiki ba, sai kwamiti da wasiƙu da jira suka maye gurbinta. Yakubu 4:17 bai ba wanda ya san abin da ya kamata wa'adin shekaru ba. Tambayar ta iso ƙofarmu mu ma: mai gidan burodi ya san wanda ke saro masa itace, mai sayar da gawayi ya san dajin da aka ƙone, mai shagon hatsi ya san nawa aka biya manomin da bashi ya tilasta wa sayarwa tun amfanin yana gona?

Shekarunsa na ƙarshe bai rage hidima ba. Tsohon gidansa na Woodbrooke ya ba 'yan Kweka a 1903 ya zama makarantar nazari, wani gidan kuma ya zama asibitin yara guragu. A harabar gidan da yake zaune ya gina babban zaure inda ake kawo dubban yaran unguwannin talakawa kowace shekara su ci su yi wasa a kan ciyawa. Sababbin dabarun kasuwa ya bar wa matasa. Ɗansa George ƙarami ne ya jagoranci fito da cakulan mai madara na Dairy Milk a 1905. Da yaƙin duniya ya ɓarke a 1914, tsohon da ya ƙi yaƙi duk rayuwarsa ya ga gidansa ya rabu biyu: ɗansa Laurence ya shiga aikin ɗaukar masu rauni na 'yan Kweka, ɗansa Egbert kuwa ya zama matuƙin jirgin yaƙi. A 1918 aka kafa majalisun ma'aikata a masana'antar, inda zaɓaɓɓun wakilai ke zama da shugabanni.

Ya rasu ran 24 ga Oktoba, 1922, yana da shekara 83. Dubban mutane suka taru a dandalin Bournville domin tunawa da shi. Kamfanin ya ci gaba da girma, aka kafa reshensa na Najeriya a 1965, sannan a 2010 kamfanin Kraft na Amurka ya saye shi baki ɗaya. Cinikin bai haɗa da garin ba, domin tun 1900 ya fita daga hannun iyalin da na kamfanin. Hukumar amintattun tana nan har yau tana ba da hayar gidaje.